Wasiƙa ga Masu Son Mu Ɗaura Wa Baburansu Ƙafar Sifiringa

Zuwa ga abokan cinikinmu na Jos da Bukuru, da masu tahowa daga Abuja da Bauci,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya da iyali, muna kuma godiya da amanar da kuke ba mu ta baburanku.

A 'yan watannin nan babu maganar da ta fi yawa a bakin garejinmu kamar ta ƙafar gaba irin ta da, mai sifirin a waje, wadda ake kira sifiringa. Wani ya turo hoto ta WhatsApp ya ce haka yake so babur ɗinsa ƙirar Honda Shadow ya koma. Wani kuma sai dai mu gan shi da kwali a bayan mota, ya riga ya yi oda, dala ta riga ta fita. Aikin muna yin sa, kuma muna jin daɗin yin sa, domin babur mai sifiringa idan aka ɗaura ta daidai ba a wuce shi ba a waiwaya ba. Sai dai akwai sharuɗɗan da muka tsaya a kansu, kuma gara ku ji su tun kuɗinku na aljihu.

Ita wannan ƙafa tsohuwar fasaha ce. Irinta ce a gaban manyan baburan Harley-Davidson har zuwa 1948. A 1949 kamfanin ya fito da Hydra-Glide mai ƙafar da ke zurawa cikin bututu da mai a ciki, irin wadda ke jikin kusan kowane babur a yau. Sai a 1988 ya dawo da sifiringa a jikin Springer Softail, daga baya aka yi Heritage Springer a 1997 da Cross Bones a 2008. Dalilin barin ta tun farko shi ne ƙafar mai ta fi ta shanye gargada. Dalilin dawo da ita kuwa kyau ne da ƙaunar fasalin da. Duk wanda ya ce muku sifiringa za ta ƙara wa baburinku taushi, son kuɗinku yake yi.

Idan kuka tsuguna gabanta za ku ga ƙafa huɗu ce, ba biyu ba. Biyun baya a kafe suke, haɗe da sandar da ke shiga wuyan shasi. Biyun gaba su ke hawa da sauka, suna matse sifirin ɗin da ke sama kusa da fitila. A ƙasa akwai 'yan guntayen ƙarfe biyu, roka, da suka haɗa ƙafar baya da ta gaba, kuma a bakinsu shaf ɗin taya yake. Taya ta taka rami, roka ta juya, ƙafar gaba ta tura sifirin. Shi ke nan aikin. Tazarar da take da ita ta hawa da sauka gajeriya ce, shi ya sa ramin da tsohuwar ƙafarku ke haɗiyewa ba ku ji ba, da sifiringa za ku ji shi a kafaɗa. Ta Harley tana da shokozoba a tsakanin sifirin. Da yawa daga cikin waɗanda ake saye a intanet ba su da shi, sifirin ne zalla, to idan ya matsu babu mai tare shi, sai gaban babur ya riƙa tsalle bayan an wuce ramin. Wanda yawonsa bai wuce Rayfield zuwa cikin gari da yamma ba zai iya haƙuri da haka. Mai zuwa Abuja a kai, ba za mu ɗaura masa marar shokozoba ba.

Sharaɗi na farko: kada ku yi oda sai mun auna. Yawancin sifiringa da ke kasuwa don Harley aka ƙera su, sandar wuyansu inci 1 ce, shaf ɗin taya kuma galibi kashi uku cikin huɗu na inci. Baburan da suka fi yawa a hannunku kuwa na Japan ne, Honda Shadow, Yamaha Virago da DragStar, Suzuki Intruder, Kawasaki Vulcan, kuma awonsu na milimita ne. Inci 1 milimita 25.4 ne, ba 25 ba. Wannan ɗan bambanci da ido ba ya gani shi ke sa boris ya ƙi shiga, ko ya shiga yana rawa. Akwai masu cusa gwangwani a cike gurbin. Mu ba ma yi. Ko a samo boris da kofinsa da suka dace da wuyan shasinku, ko mai injin fere ƙarfe ya fere abin da ake bukata bisa awon da muka ba shi. Tsawon sandar ma sai ya yi daidai da wuyan, in ba haka ba noti ba zai kama yadda ya kamata ba.

Sai maganar tsawo, wadda nan ne muka fi samun saɓani da ku. Kowa doguwa yake so, inci 4 ko 6 sama da ta asali, don gaba ya miƙe kamar na hoto. Ga abin da hoton ba ya nunawa. Ku ja layi ta tsakiyar wuyan babur har ya sauka ƙasa. Inda layin ya taɓa ƙasa yana gaba da inda taya ke taka ƙasa, kuma wannan tazarar ce ke sa tayar gaba ta riƙa miƙewa da kanta, kamar dai tayar kujerar ofis da ke bin inda aka tura ta. A irin baburanku tazarar kan kama daga santimita 10 zuwa 15. Roka na tura shaf gaba, wanda ke rage tazarar. Doguwar ƙafa kuma na ɗaga wuya sama, ta ƙara ta. Idan ta yi kaɗan, kan babur zai fara karkarwa a cikin gudu, kuma karkarwar da ta fara ana gudun kilomita 100 a awa ba kowa ke tsira daga gare ta ba. Idan ta yi yawa, kan zai yi nauyi, ya riƙa faɗawa gefe a cunkoson Terminus har hannu ya gaji. Saboda haka muna ɗora babur a daidai, mu ja igiya, mu yi alama da alli a siminti, mu auna kafin mu kwance tsohuwar ƙafa, mu sake aunawa bayan mun ɗaura sabuwa. Idan awon bai fito ba za mu gaya muku, ko da kayan na hannunku ne.

Wuyan shasi kuma ba ma yanka shi don a ƙara masa kwanciya. Ban da haɗarin walda a wurin da duk nauyin gaba ya rataya, a nan ne galibi aka buga lambar shasi, kuma ba ma so ku tsaya kuna wa 'yan Road Safety ko VIO dogon bayani a bakin titi.

Birki. Don Allah ku karanta wannan da natsuwa. Hotunan da kuke turo mana da yawansu babu birkin gaba kwata-kwata, taya ce siririya mai inci 21 tsirara, don a ga kyawun waya. Baburan nuni ne, a tirela ake kai su wurin baje koli. Birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur, domin da zarar an taka, nauyi gaba yake komawa. Ku tuna gangaren Hawan Kibo idan an nufi Akwanga, da lanƙwasarsa, da manyan motocin da ke biye da mutum. Ba za mu saki babur daga garejinmu ba birkin gaba ba, ko nawa za a biya.

Ɗaura birkin a jikin sifiringa ma aiki ne na kansa. Tunda shaf ɗin na lilo ne a kan roka, kalifa, wato abin da ke matse farantin birki, ba ta zama a jikin ƙafa kamar da. Tana hawa ne a kan wani faranti da ke juyawa a kan shaf, sannan wata 'yar sanda ta riƙe ta zuwa ƙafar baya. Idan tsawon sandar nan ko kwanciyarta ba daidai ba ne, kuna kama birki gaban babur zai tashi ko sifirin ya ƙage, taya ta riƙa tsalle maimakon ta kama ƙasa. Wani abin kuma, baburan da suka zo da farantin birki biyu sukan koma ɗaya, to famfon birkin da ke hannu aka yi shi don ya ciyar da kalifa biyu, sai hannun ya yi tauri amma kamun ya ragu. Dole a canja shi da wanda ya dace. Babur mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya ƙagewa idan an kama birki, muna ba da haƙuri, ba ma taɓa shi.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke cin kuɗi da lokaci: mazaunin fitila, tiyon birki da wayoyin kulochi da totur idan tsawo ya canja, madigadi wanda sai ya bi taya yana hawa da sauka, makarin da zai hana ƙafa bugun tanki idan an karya kai, da wayar mita ga baburan da take karɓa daga tayar gaba. Makullin kai ma sau da yawa ba ya ƙara aiki, sai ku nemi kwaɗo.

Kayan da ba mu san asalinsu ba muna duba su sosai kafin mu karɓi aiki. Kurom na ɓoye aibi. Mukan juya ƙafar a hasken rana mu bi waldar da ido, mu kama roka mu girgiza mu ji ko bushin na da wasa. Sifiringar da aka haɗa a gida da bututun ruwa ba za mu ɗaura ta ba, da duk girmamawar da muke wa masu waldar garin nan, waɗanda da su muke aiki kullum. Ƙafar gaba idan ta karye ba ta sallama.

Bayan an ɗaura, hidima ta ƙaru a kanku. Roka a waje take, ba abin da ya rufe ta. Da hunturu ƙura na haɗuwa da giris ta zama baƙin laka mai cin bushin, da damina kuma ruwan Jos na wanke giris ɗin ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Ku riƙa goge ta kuna sa sabon giris, ku riƙa duba notuna. Ku dawo mana da babur bayan 'yan tafiye-tafiyen farko mu sake ɗaure boris ɗin wuya, domin sabo yakan zauna ya saki. Wannan dubawar kyauta ce. Idan kun ji ƙwas a gaba lokacin kama birki, ko kan ya fara karkarwa, ku ajiye shi ku kira mu, mu za mu zo.

Tsohuwar ƙafarku da duk abin da muka kwance za mu haɗa muku a kwali ku tafi da su. Kada ku sayar. Ranar da za ku rabu da babur ɗin, ko kuka ga tafiyar ba ta yi muku ba, da su za a mayar da shi yadda yake.

Mai sha'awa ya kawo babur ɗin da kansa, zai fi kyau da safe kafin gareji ya cika, tare da hoto da awon ƙafar da yake son saye. Awo da shawara ba ma karɓar ko kwabo. Kuɗin aiki sai mun ga abin da za a fere da abin da za a yi oda sannan mu faɗa, kuma a rubuce za mu ba ku.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya.

Naku,
Maigidan gareji da yaransa,
Jos.