Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarki Kan Kayan Abincin da Aka Janye Amma Suna Nan a Kasuwa

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Sakataren Majalisar Masarauta.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban-girma da addu'ar Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, mu da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda, wato iyayen yara da masu shaguna da 'yan sari da wasu daga cikin ma'aikatan jinya mazauna wannan masarauta, mun kawo kukanmu kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Idan hukumar da ke kula da ingancin abinci ta gano cewa wani kaya ya gurɓata, ta ba da umarnin a janye shi daga kasuwa, umarnin yakan tsaya a takarda da shafukan intanet, kayan kuwa su ci gaba da zama a kan kanta, ana saye ana kai su gida, har sai sun ƙare don kansu.

Abin da ya tara mu ya faru ne a gidan ɗaya daga cikinmu. Matar gidan tana shayar da jaririnta madarar gwangwani, sai ƙaninta ya ga sanarwa a wayarsa cewa an janye wani rukuni na irin wannan madara saboda ƙwayar cuta. Ya kifa gwangwanin, ya haska gindinsa da fitilar waya, ya bi 'yan ƙananan lambobin da aka buga ɗaya bayan ɗaya, ya ga sun yi daidai da na sanarwar. A lokacin an sha fiye da rabi, jaririn yana ta gudawa, sanarwar kuma ta yi makonni da fita. Da suka koma wurin mai shagon, ya rantse bai taɓa jin labarin ba, kuma mun yarda da shi, domin yana cikin waɗanda suka sa hannu a nan. A gabansu ya kira ɗan sarin da ya sayar masa, aka amsa masa da cewa kayan da ya bar sito ba ya dawowa. Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma babu ma'aikacin da ya zo ya karɓi ragowar madarar don a gwada, babu kuma wanda ya tambayi gidaje nawa sauran gwangwanayen katan ɗin suka shiga.

Allah ya ja zamaninka, ba ƙaramin abu muke magana a kai ba. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kwanciya ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu suna rasuwa, kuma 125,000 daga cikin mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Dokoki kuwa ba su yi ƙaranci ba, domin tun 1963 wannan hukuma da takwararta ta abinci da aikin gona suka kafa kwamitin Codex Alimentarius, wanda ƙasashe ke ɗaukar ma'aunansu na ingancin abinci daga gare shi. Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin ofishin da ya rubuta gargaɗi da kunnen matar da ke riƙe da cokali, kuma wannan tazara babu mai iya cike ta kamar fada.

Muna roƙon Mai Martaba ya dubi abin da ya faru a Iraƙi a ƙarshen 1971. Gwamnatin ƙasar ta shigo da irin alkama da sha'ir don shuka, wanda aka shafa wa maganin da ke ɗauke da gubar makuri, wato zaiba, domin kada ya ruɓe a ƙasa. An rina irin da launin ja-ja, an kuma rubuta gargaɗi a jikin buhunan, sai dai da Ingilishi da Sifaniyanci aka rubuta shi, manoman karkara kuwa ba sa karanta ko ɗaya. Irin ya isa wurare da yawa bayan lokacin shuka ya wuce, mutane suka wanke shi, suka ga launin ya fita, suka ɗauka gubar ta bi ruwa, suka niƙa suka yi burodi. An kwantar da mutum 6,530 a asibiti, 459 suka rasu a can. Duk wanda ya buga wancan gargaɗi zai iya cewa ya sauke nauyin da ke kansa, amma Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma a nan kunnen ne bai ji ba.

Saboda haka babban roƙonmu shi ne fada ta nemi hukumar abinci ta riƙa aiko mata da kowace sanarwar janye kaya a ranar da ta fita, a naɗa mutum guda a majalisa wanda wannan ne aikinsa, shi kuma ya isar da ita ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin kasuwa kafin kwana biyu su cika. A faɗe ta da harshen da jama'a ke ji, a rediyo da wuraren ibada da bakin kasuwa, a kuma manna hoton kayan tare da lambar rukunin a rubuce da manyan baƙaƙe. Wannan batu na lamba yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa rukuni ɗaya ne ya ɓaci cikin rukunoni masu yawa na kamfani guda, kuma mutane da dama ba su san cewa lambar da ke kusa da ranar ƙarewar wa'adi ita ce ke nuna lokacin da aka sarrafa kayan da inda aka sarrafa su ba. A kuma riƙa faɗa wa mutane abin da za su yi da wanda suka riga suka saya, da alamomin ciwon da za su sa ido a kai, da asibitin da za su nufa.

Akwai kuma tambayar inda kayan ke zuwa bayan an sauke su daga kanta, kuma a nan ne zukatanmu suka fi rashin kwanciya. A 2008 aka gano a ƙasar Sin cewa ana zuba wa madara sinadarin melamin, wanda ake yin robobi da shi, domin ya ruɗi na'urar gwaji ta nuna madarar da aka tsinka da ruwa tana da sinadarin gina jiki mai yawa. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, fiye da 50,000 aka kwantar, shida suka rasu. An yi shari'a, an yanke hukunci mai tsanani, duniya ta ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi a 2010 an sake kama garin madara mai wannan guba a kasuwannin ƙasar, bincike ya nuna ragowar na 2008 ne da ya kamata a ce an lalata, wasu suka ɓoye shi suka jira ƙura ta lafa. Idan haka ta faru a ƙasar da ta zartar da hukuncin kisa kan wannan laifi, me zai hana katan ɗin da aka tura ƙarƙashin kanta ya fito bayan wata uku, an kankare lambarsa, an karya masa farashi, ya tafi ƙauyen da sanarwa ba ta taɓa zuwa ba? Muna roƙon duk kayan da aka karɓa a ƙirga su a gaban wakilin fada da ma'aikatan duba-gari da shugaban 'yan kasuwa, a rubuta, a ba mai kayan rasit, sannan a lalata su a gaban shaidu ta hanyar da masana suka ce ba za ta cutar da ruwa ko dabbobi ba.

Ranka ya daɗe, dole mu faɗi gaskiya game da 'yan'uwanmu masu shaguna, tun da da yawansu suna cikinmu. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya zuba jarinsa a katan biyu ba zai miƙa su da daɗin rai ba muddin ya san asarar a wuyansa za ta ƙare, alhali ba shi ya gurɓata kayan ba. Duk tsarin da ya bar shi da asara, tsari ne da ke koya masa ɓoyo. Muna roƙon Mai Martaba ya kira 'yan sari da wakilan kamfanoni ya sa su ɗauki alkawari a rubuce cewa kayan da hukuma ta janye za su karɓe su, su mayar da kuɗi ko su musanya, kamar yadda su ma suke da haƙƙin komawa kan kamfanin da ya sarrafa. Wanda ya kawo kaya da kansa kada a muzanta shi, wanda aka kama ya ɓoye bayan ya ji sanarwa kuwa a miƙa shi ga hukuma ba tare da ceto ba.

Wannan ba zai yiwu ba sai kowane mai sayarwa ya san wurin wa ya saro kayansa da ranar da ya saro. Tarayyar Turai ta sa wannan a dokarta ta abinci ta 2002, inda ta wajabta wa duk mai harkar abinci ya iya nuna wanda ya ba shi kaya da ɗan kasuwar da ya ba wa. Mu ba na'ura muke nema ba, littafi guda da biro sun isa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun gano annoba tun tana ƙarama. Daga farkon 2017 cutar listeriya, wadda ake ɗauka ta hanyar gurɓataccen abinci, ta yi ta kashe mutane a Afirka ta Kudu, an shafe kimanin shekara ba a san tushenta ba, domin ƙwayar tana iya yin makonni a jiki kafin ciwo ya bayyana, kuma tana hayayyafa ko a cikin firiji, ta yadda mai jinya ba ya tuna abin da ya ci. A watan Janairun 2018 aka kai yara tara daga wani gidan renon yara na Soweto asibiti da zazzaɓi da ciwon ciki, likita ya sanar da hukuma nan take, ma'aikatan lafiya suka je gidan renon suka ɗauki samfurin sarrafaffen naman da yaran suka ci. Wannan samfur ya taimaka wajen kai masu bincike ga wata masana'anta a Polokwane, kuma ranar 4 ga Maris 2018 ministan lafiya, Aaron Motsoaledi, ya bayyana tushen cutar aka janye kayan. Kafin annobar ta ƙare an tabbatar da mutum 1,060 sun kamu, 216 sun rasu. Likita ɗaya da ya ɗaga waya da ragowar abincin da ba a zubar ba sun yi abin da watanni na bincike suka kasa. Muna roƙon a umarci asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani da masu kemis cewa duk ranar da suka ga mutane da dama daga gida ɗaya ko makaranta ɗaya ko taro ɗaya da amai da gudawa, su sanar da jami'in lafiya a ranar, a kuma koya wa jama'a su killace ragowar abincin da mazubinsa maimakon su zubar don gudun abin kunya.

Kada kuma a ɗauka wuta tana maganin komai. Gubar afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a hatsin da aka adana da danshi, dahuwa ba ta kashe ta, kuma ita ce ta kama mutum 317 a Kenya a 2004 ta hanyar masara, 125 suka rasu. Muna so ma'aikatan duba-gari su riƙa shiga sito-sito, ba su tsaya a bakin ƙofa kawai ba.

Akwai abin da muke tsoro daga ɗaya ɓangaren, kuma adalci ne mu ambace shi. A 2011, lokacin da wata muguwar ƙwayar cuta ta kama kusan mutum 4,000 a Jamus da maƙwabtanta ta kashe fiye da 50, jami'ai a Hamburg sun yi gaggawar ɗora laifin kan kokwambar Sifaniya, manoman can suka tafka asara mai yawa, daga baya aka gano cewa tsiron hulba ne da aka shigo da irinsa daga Masar. A zamanin da saƙon murya ɗaya a WhatsApp ke iya durƙusar da sana'ar bawan Allah cikin yini guda, muna roƙon sanarwar da ta fito ta hannun fada ta zama wadda hukuma ta tabbatar kaɗai, mai ɗauke da sunan kaya da lambar rukuni da kwanan wata, idan kuma an wanke wani kaya daga zargi a yi shelar wankewar da ƙarfin da aka yi shelar zargin.

A ƙarshe muna roƙon Mai Martaba ya sa mana rana mu gurfana a gabansa tare da jami'an lafiya na ƙaramar hukuma da wakilin hukumar abinci da shugabannin kasuwa, domin a raba wa kowa aikinsa a gaban kowa. Za mu zo da gwangwanin da muka ambata, yana nan a ajiye da ragowar madarar a ciki, da kuma mai shagon da ya sayar da shi, wanda ya ce a shirye yake ya yi bayani da bakinsa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani, ya ja zamaninsa, ya kare talakawansa.

Mu ne masu biyayya,
Iyayen yara, masu shaguna, 'yan sari da ma'aikatan jinya na wannan masarauta, waɗanda sunayensu da sa hannunsu ke haɗe da wannan takarda.