Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin dillancin gidajen da ya rataya wa ƙofata akwatin makulli a Birnin Kebbi

Zuwa ga Manajan Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Yallaɓai, ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku ina tako ƙafa zuwa ofishinku, sau biyu na kawo takarda aka karɓa aka buga mata hatimi, waya kuwa har yaranka sun haddace lambata sun daina ɗauka. Kullum amsar ɗaya ce, oga ya yi tafiya, a dawo mako mai zuwa. To tunda ofis ya gagara, bari in yi maganar a inda sauran masu gidaje za su ji. Ban kama sunan kamfaninku ba, domin ba tozarci ya fito da ni ba, kuma kun san kanku.

Kamar yadda yake a fayil ɗinku, gidana yana unguwar Gesse. Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kaduna na kwashi iyalina, na yanke shawarar ba da babban sashen haya. Sashen baya kuwa mahaifiyata ce a ciki tare da ƙanwata da mijinta ya rasu, da 'ya'yanta biyu. Ƙofar waje ɗaya ce, tsakar gida ma ɗaya. Na faɗa wa ma'aikacinku wannan tun ranar farko, na kuma kai shi har bakin sashen ya durƙusa ya gaida Inna. Muka daidaita a kan la'adar kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, na sa hannu.

A ranar ne ya zaro wani ɗan akwatin ƙarfe daga jaka, bai fi tafin hannu ba, da maɓallai goma a fuskarsa. Ya ce sabon tsari ne irin na Amurka: a zuba makullan gida a ciki, a maƙala shi a jikin get, duk ma'aikacin da ya kawo mai neman haya sai ya danna lamba ya ɗauka, in an gama ya mayar. Na ce masa akwai mata a gidan nan. Ya dafa ƙirji ya ce lambar ba za ta wuce mutum uku ba, dukkansu ma'aikatan ofis, kuma ba wanda zai shiga sai an kira ni an kira ƙanwata. Ni ma da laifina, ban ce a rubuta wannan a takardar yarjejeniya ba. Na ga yaro mai ladabi, ga ofis da esi da kwamfutoci, sai na saki jiki.

Ba a yi wata biyu ba, cikin hunturu, ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa. Ga abin da ya faru. An kawo wa Inna shinkafa daga gonarmu ta fadamar Argungu, ta yi gumi ta shanya a kan tabarmi a tsakar gida. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno da ɗaurin ƙirji, ba kallabi, tana shan hantsi tana korar kaji da kara. Sai ta ji ƙarar get. Ta ɗauka jikokinta ne suka dawo daga makaranta da wuri. Tana ɗaga kai ta ga ƙarti uku a kanta, ba sallama, ba gyaran murya, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo yana cewa ga fili nan, mota uku za ta shiga. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yunƙura da gudu ta yi ɗaki, ta taka shanyarta, ta yi tuntuɓe da bakin rariya. Kwana huɗu a zaune take sallah.

Da na iso da daddare abin da ta ce mini ke nan: "Ɗan nan, wanga wane irin gida na ka aje ni, da maza ka shigowa ba sallama? Ko cikin kasuwa munka zauna?" Ban sami abin ce mata ba. Shekararta sama da saba'in, ko zamanin da muke gidan ƙasa mai zaure ɗaya ba namijin da ya taɓa wuce zauren nan sai an yi masa iso.

Washegari na zo ofishinku, na kwatanta mutanen uku. Aka ce ba a san su ba. Na ce to yaya aka yi suka buɗe akwatin? Wani daga cikin yaran, ina jin bai san nauyin maganar ba, ya ce ai in aiki ya yi yawa sukan tura wa ƙananan dillalai na waje lambar ta WhatsApp, su kai mutum ya gani, in an daidaita a raba la'ada. Ke nan mutum ukun da aka yi mini alkawari sun zama duk wanda saƙon ya faɗa wa waya, da duk wanda shi ma ya tura wa. Bidiyon da aka ɗauka kuwa, bayan kwana biyu wani abokin aikina ya gan shi a Facebook a shafin tallan gidaje. Ga Inna nan a gefen hoton, ta juya baya tana gudu. Sai da na bi mai shafin da roƙo da barazana kafin ya sauke.

Na ce a canza lambar a ranar. Aka ce an canza. Na koma Kaduna.

Bayan mako uku na zo hutun ƙarshen mako, na shiga babban sashen. Fankokin sama biyu babu, sai wayoyi na reto. Kawunan famfo na banɗaki uku an kwance su. Injin da ke tura ruwa zuwa tanki, wanda na gina wa ɗan keji a bayan kicin, an ɗauke shi. Ba ƙofar da aka ɓalle, ba tagar da aka fasa, kwaɗo lafiyarsa lau, makullai suna cikin akwati kamar ba a taɓa su ba. Na danna tsohuwar lambar don in gwada, sai ga akwati ya buɗe. Ashe ba a canza komai ba. Mai shagon da ke kallon gidana ya ce yakan ga mutane suna shiga har bayan magariba, bai taɓa tambaya ba domin da makulli suke buɗewa, kuma ga allonku a jikin katanga.

Ina tsaye a wurin na ƙura wa akwatin ido, sai na ga abin da ya ƙara kashe mini jiki. Ƙurar hunturu ta lulluɓe maɓallai shida sun yi ja, huɗu kuwa suna ƙyalli saboda yawan dannawa. Na danna huɗun nan daga ƙarshe zuwa farko, ya buɗe. Na hargitsa su, ya sake buɗewa. Irin wannan akwatin bai damu da wanda aka fara dannawa ba, shi dai a taɓa maɓallan da aka saita. Ni malamin lissafi ne kafin in koma aikin ofis, don haka bari in taya ku: zaɓen maɓalli 4 daga cikin 10, in ba ruwanka da jeri, hanya 210 ce kacal. Yaro mai haƙuri zai gama gwada su tsakanin la'asar da magariba. A gidana ma ba ya bukatar haƙurin, ƙura ta riga ta rubuta masa amsa.

Da hankalina ya kwanta na bincika yadda abin yake a can inda kuka ce kun kwaso shi. Gaskiya ne dillalan Amurka suna rataya akwatin makulli a ƙofar gidan da ake sayarwa. Amma da yawansu na lantarki suke amfani da shi, irin na kamfanonin Supra da SentriLock, wanda dillali mai rajista ke buɗewa da manhajar wayarsa. Akwatin yana ajiye sunan wanda ya buɗe da ranar da lokacin, ana iya saita sa'o'in da ba zai buɗu ba, in kuma za a ba mai gyara ko wani baƙo dama, akan ba shi lambar yini ɗaya wadda ke mutuwa da kanta. Babbar ƙungiyar dillalansu, NAR, tana da kundin ladubban sana'a tun 1913, kuma a cikinsa an hana dillali ya shiga gidan da aka ba shi, ko ya ba wani damar shiga, a kan wani sharaɗi daban da wanda mai gida ya amince da shi. Rassan ƙungiyar suna cin tarar wanda ya raba lamba, suna iya kuma karɓe masa damar buɗe akwatunan. Ku kun ɗauko ƙarfen, mafi arha ma a cikinsu, kun baro rajistar da horon a can.

Kuma ko da kun kawo na lantarkin, ai gidajenmu ba irin nasu ba ne. Su masu gida kan fita su bar wa dillali gida fayau na awa ɗaya. Mu a nan gida ɗaya sashe biyu ne ko uku, akwai tsofaffi, akwai matan aure, akwai mai takaba. Ba banza ba ake rubuta "Ba a shiga" a ƙofar gidajen Hausawa. Kai ma ka san aya ta 27 a Suratun Nur, wadda ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, ka kuma san hadisin neman izini sau uku, in ba a amsa ba ka juya. Ma'aikacinka ya ce mini wai sashen da suka zo gani babu kowa a ciki. Ta sama suka bi suka isa sashen? Ta kan shanyar Inna suka bi.

Na sha zagin dillalan gargajiya, masu zama a gindin dalbejiya da tarin makullai ɗaure da tsumma a aljihun gaba. Suna da halinsu, ga kuɗin ganin gida, ga ƙarin da suke ɗorawa a ɓoye, su yi ta yawo da kai a rana suna nuna maka abin da ba shi ka tambaya ba. Don gudun wannan na zo wurinku. Amma tsohon dillali da ƙafarsa yake raka mai neman gida, shi zai tsaya a ƙofa ya yi sallama ya ce a kimtsa za a shigo, shi zai kulle in an fito. In allura ta ɓace ka san wuyan rigar da za ka riƙe, mai unguwa ya san shi, shugaban dillalai ya san gidansu. Ku da na tambaya wa da wa suka shiga gidana cikin wata uku, ko littafin da ake rubuta suna ba ku da shi. Amana ce na ba ku, kuma malamai sun ce wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai fa in ya yi sakaci. In tura lambar gidan mutum ta WhatsApp ba sakaci ba ne, ku faɗa mini sunansa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku biya ni fankoki da famfuna da injin ruwa, rasit ɗinsu yana maƙale da takardata ta biyu da ke ofishinku. Ku ba ni a rubuce sunayen duk waɗanda aka tura wa lambar, ai saƙonnin suna nan a wayoyin yaranku, domin 'yan sanda sun tambaye ni su. Sannan ku zagaya sauran gidajen da kuka rataya wa irin wannan akwati, a Badariya da Bayan Kara da ko'ina, ku gaya wa masu su gaskiyar mutum nawa ke da lambarsu. Wanda ya ce a bar masa, ruwansa. Na ƙarshe shi ya fi mini duka: kai da kanka, Yallaɓai, ka zo ka tsaya a ƙofa ka yi sallama, in an yi maka iso ka ba Inna haƙuri. Ba ta san kamfani ba, mutum ta sani.

Na ba ku mako biyu daga ranar da wasiƙar nan ta fita. In shiru ya ci gaba, zan kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya da biyan kuɗin aiki, wadda dokar 2018 ta kafa. Allonku kuma ya ce akwai ƙwararren mai kimanta kadara a cikinku, don haka zan rubuta wa ESVARBON, hukumar da doka mai lamba 24 ta 1975 ta ɗora wa alhakin yi wa masu wannan sana'a rajista da ladabtar da su. Kotu ma tana nan, ko da yake ban so mu kai can.

Yarjejeniyar haya kuwa na janye ta, takardar tana zuwa muku ta hannun lauya. Na sauya kwaɗon get da na duk ƙofofin ciki, na sauke allonku na jingine shi a bayan tanki. Akwatinku yana nan a rataye, ban fasa shi ba, babu komai a ciki. Ku aiko a cire, amma wanda zai zo ya zo bayan la'asar, ya ƙwanƙwasa ya jira. Makullan yanzu suna ɗaure a bakin zanen Inna.

Wassalam,
Mai gida a unguwar Gesse, Birnin Kebbi