Rahoton ayyukan shekara: aikin mahaƙar kwal a kan teburinmu

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawanmu, 'yan uwa membobi maza da mata, ina gabatar muku da wannan rahoto a madadin kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan samfuran jiragen ƙasa da layin dogo a kan tebur.

A babban taronmu na bara aka yanke shawarar cewa kusurwar teburin da ke bayan tasha, wadda ta daɗe ba komai a kanta sai layi tsirara, za a mayar da ita mahaƙar kwal. Wasu sun so a yi tashar jiragen ruwa, amma masu ra'ayin mahaƙa suka yi rinjaye, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin a mahaƙa layin dogo ya samo asali. Tun a 1812 injin tururi ke jan taragan kwal a layin Middleton da ke Leeds a Ingila, kuma layin Stockton da Darlington da aka buɗe a 1825 domin kwashe kwal aka shimfiɗa shi. Teburin da ke da mahaƙa yana ba jirgin kaya dalilin tafiya: akwai inda zai ɗauko, akwai inda zai kai.

Watannin farko a karatu da zane suka ƙare, har wasu suka fara ƙorafin cewa an mayar da ƙungiya aji. Kwamiti ya tsaya kai da fata a kan doka ɗaya, cewa ba za a kafa gini ba sai mai gininsa ya iya faɗin abin da ke shiga cikinsa da abin da ke fita. Muka bi dunƙulen kwal tun daga ƙarƙashin ƙasa. Ana lodinsa a ƙananan amalanke, kejin da ke ɗaga kaya ya hauro da shi ta rijiyar mahaƙa, a juye shi a ɗakin tankaɗe inda ake tsince duwatsu a raba manya da ƙanana, sannan ya gangaro ta mazurari ya faɗa tarago. Duwatsun da aka tsince kuma suna da tasu hanyar zuwa tsibin shara. Da wannan tafiya ta zauna mana a kai, sai kowane gini ya nuna wurin zamansa da kansa. A ganina wannan ce babbar ribar da muka ci a bana, ta fi gine-ginen kansu.

Ma'aunin teburinmu HO ne, wato kashi 1 cikin 87, tazarar kwangiri milimita 16.5, wadda ke wakiltar milimita 1,435 na layin gaske. A wannan ma'auni mutum mai matsakaicin tsayi bai wuce santimita 2 ba. Nan aka yi muhawara kan hasumiyar da ke bisa rijiya, wadda igiyar keji ke bi ta kanta. Matasanmu sun ƙyalla ido kan ta Zollverein da ke Essen a Jamus, wadda Fritz Schupp da Martin Kremmer suka zana, ta fara aiki a 1932, aka rufe mahaƙar a 1986, UNESCO kuma ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma tsayinta mita 55 ne, wanda a kan teburinmu zai kai kusan santimita 63, ya danne tasha da duk abin da ke kewaye da ita. Aka sasanta a kan hasumiya mai santimita 30, daidai da mita 26 a zahiri, irin ta matsakaiciyar mahaƙa.

Hasumiyar nan ta sha hannu. Da siraran sandunan roba aka haɗa ta, kowace sanda an yanka ta a kan zanen da aka manna a jikin katako, ana riƙe ta da allurai har gam ya kama. Duk wanda ya zo kallo, ya lura da ƙafafu biyun da suka jingina ta gefe guda. Ɗakin inji suke fuskanta, saboda igiyar ƙarfen da ta taso daga injin ta bi ta kan ƙafafun juyi na sama, wato manyan tayoyin da ke ƙolin hasumiyar, tana jan hasumiyar ne ta wannan ɓangare, ƙafafun da suka jingina kuma suna tokare ta. Da an juya su baya, duk wanda ya taɓa ganin mahaƙa zai gane da kallo ɗaya. Haka kuma ƙafafun juyin guda biyu ba hanya ɗaya suke juyawa ba, domin idan keji ɗaya yana hawowa, ɗayan sauka yake yi. 'Yar uwarmu mai kula da lantarki ta saka ƙaramin injin lantarki mai juyawa a hankali a ƙarƙashin tebur, da zare baƙi a madadin igiya, kuma yanzu suna juyawa, su tsaya, su koma baya, kamar yadda ya kamata. Ranar da aka fara kunna shi kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya tsaya.

Ɗakin inji da na tankaɗe an yi su da kwali mai kauri da siraran katako. Ba su ba da wahala ba.

Layin lodi ne ya koya mana abin da zane bai nuna ba. A mahaƙar gaske ana tura taragan da babu kaya su wuce mazurari, sannan a riƙa sako su ɗaya bayan ɗaya suna cika. Ke nan layin da ke bayan mazurari dole ya kai tsawon jerin taragan duka. An ƙara wa tebur ɗan reshe don haka. Mun kuma ɗauki wata dabara da masu wannan sha'awa suka daɗe suna yi: aka huda allon da ya raba tebur biyu, aka sa samfurin tashar wutar lantarki mai ƙona kwal a ɗaya gefen, layuka biyu suka haɗa ta da mahaƙa a ɓoye. Taragan da aka kai tashar wuta cike da kwal suna ɓullowa ta mahaƙa kamar yanzu aka loda su, marasa kaya kuma suna bi ta ɗaya layin su fito a tashar wuta. Ba mai sa hannu ya kwashe kaya a gaban 'yan kallo. Gangarar layin an tsayar da ita a kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita, don kada kan jirgi ya riƙa santsi.

A bakin ramin da ya ratsa gefen tsauni an shimfiɗa siririn layi mai tazarar milimita 9, wanda a ma'auninmu yake wakiltar layin mahaƙa mai faɗin kusan milimita 760. Ƙofar ramin an tokare ta da sandunan katako da aka goge da burushin waya don su fito da tsagi irin na tsohon icce.

Tsaunin da soso mai tauri aka gina shi, falle kan falle, aka sassaƙe, aka shafe da filasta. Ina tunatar da sababbin membobi cewa gam mai ƙarfin wari da fentin feshi suna narkar da wannan soso, farin gam na katako ake amfani da shi, kuma idan za a yanka da waya mai zafi a buɗe tagogi. Kwal ɗin da kuke gani a taragai da gefen layi na gaske ne, an daka shi an tankaɗe. Ƙasar da aka barbaɗa ma ta gaske ce, amma sai da aka busar da ita sarai, aka bi ta da maganaɗisu, domin ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinta yana iya manne wa injin kan jirgi ya lalata shi. Kafin a ɗiga gam da aka sirka da ruwa, ana fesa ruwa mai ɗigon sabulu, in ba haka ba gam ɗin ya dunƙule a sama kamar ruwa a ganyen gwaza.

Tsibin shara ya sa mun yi zama na musamman. Duwatsun da aka zubar suna tsayawa ne a karkatar wajen digiri 35, kuma haka muka yi namu. Da aka zo maganar inda za a sa gidajen ma'aikata, wani dattijonmu ya tuna mana da Aberfan a Wales, inda a ranar 21 ga Oktoba, 1966, tsibi irin wannan da ya jiƙe da ruwa ya zaftaro kan makaranta da gidaje, mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. Aka amince a nisanta gidajen daga gindin tsibin, a haƙa masa magudanar ruwa, a kuma ajiye ɗan rubutu a gefen tebur da ke bayanin dalili. Mutane ne suka yi aiki a irin waɗannan wurare, da yawa sun bar lafiyarsu a can, kuma ya dace teburinmu ya nuna mun san da haka.

Sauran aiki bai ƙare ba. Gidajen ma'aikata katanga kawai gare su. Ɗakin fitilu, inda mai haƙa ke karɓar fitila ya bar lambarsa don a san wanda ke ƙasa, yana nan a takarda. Sannan komai ya cika tsafta. Mahaƙar kwal baƙa ce, ƙura tana kwanciya a kan rufi da tagogi, tsatsa tana zubowa daga kowane ƙusa. Za a yi wannan da garin alli mai launi da fenti mai ruwa-ruwa, a hankali, kuma kwamiti na roƙon kada kowa ya taɓa hasumiya da burushi sai ya gwada hannunsa a kan tarkace.

Ma'aji zai kawo nasa bayanin dabam. A taƙaice, yawancin abin da aka kashe ya tafi ne a kan kwangiri da wuraren sauya layi, kayan tsauni kuwa akasari membobi ne suka kawo. Muna godiya ga duk wanda ya ba da lokacinsa, musamman waɗanda ke tsayawa share ɗaki da goge layi bayan kowa ya watse. Allah ya saka da alheri.

A taro mai zuwa za a raba aikin gidajen ma'aikata, kowane rukuni gida ɗaya, sabon memba tare da tsohon hannu. Wanda ke son shiga ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.