Addu'ar Fasto Ba Ta Ranar Lahadi Kaɗai Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in bayyana abin da na gani a wurin matashin faston da aka turo ikilisiyarmu shekara 2 da suka wuce.

Da ya zo, wa'azinsa na ranar Lahadi ba ya da makusa, amma idan wata uwa ta tare shi a bakin kasuwa ta ce ya sa wa ɗanta albarka, sai ya ce ta kawo shi majami'a. Wani dattijon ikilisiya ne ya ja shi gefe, ya ce masa: "Ɗana, mai jin ƙishi ba ya jiran ranar Lahadi." Ya kuma tuna masa da albarkar Haruna da ke Littafin Ƙidaya 6:24-26, wadda ba ta wuce ayoyi 3 ba.

Tun daga nan ya sauya. Na gan shi a gona farkon damina yana addu'a a kan irin masara, na kuma gan shi a tasha ya dafa kafaɗar direba yana yi masa addu'a cikin 'yan kalmomi, ba tare da ɗaga murya ko karɓar ko sisi ba, kuma wannan na ƙarshe ne ya fi taɓa zuciyata.

Ina kira ga makarantun tauhidi su riƙa haɗa ɗalibansu da irin waɗannan dattawa kafin a naɗa su.

Naka,
Mai karatu daga Zonkwa, Jihar Kaduna