Finafinan Bala'i: A Daina Mayar Da Mamata Adon Labari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in bayyana ra'ayina game da finafinan da ake ginawa a kan girgizar ƙasa, ambaliya, annoba ko haɗarin jirgi, da kuma irin sharhin da ake yi musu duk lokacin da wani sabo ya fito. Yawancin sharhin ba ya wuce kuɗin da fim ya tara a makon farko da gwanintar masu kwamfuta wajen rusa birni a gaban mai kallo. Ni kuwa a ganina, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne yadda fim ɗin ya ɗauki rayukan da suka salwanta a cikinsa.

Fim ɗin San Andreas na 2015 ya isa misali. Dwayne Johnson ya fito a matsayin matuƙin jirgi mai saukar ungulu na hukumar kashe gobara ta Los Angeles, mutumin da aikinsa shi ne ceton jama'a. Da ƙasa ta girgiza, sai ya juya jirgin hukuma ya tafi neman matarsa, daga nan kuma suka nufi inda 'yarsu take, alhali birane biyu suna zubewa a kan mazaunansu. Akwai wurin da igiyar ruwa ta ɗauko wani ƙaton jirgin dakon kaya ta maka shi a gadar Golden Gate ta birnin San Francisco, gadar ta tsinke da mutanen da ke kanta, amma ba a yi minti guda ba aka mayar da hankalinmu kan iyalin jarumin, kamar waɗanda suka faɗa ruwa ba su da uwa ba su da uba. Ko ta fuskar ilimi fim ɗin ya zarce gona da iri, domin ya nuna girgiza mai ƙarfin maki 9.6, alhali mafi girma da aka taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Cile a 1960, mai maki 9.5. Tsagar San Andreas kuma, wato tsagar ƙasar da ke haddasa girgizar a fim ɗin, mafi yawanta a kan tudu take, ɓangarorinta suna gogar juna ne gefe da gefe, shi ya sa masana suka ce ba za ta haifar da irin wannan igiya ba.

Abin ya fi ciwo idan labarin ya faru da gaske. A ranar 26 ga Disamba, 2004, tsunami, wato gagarumar igiyar ruwa da girgizar ƙasa ta tayar a tekun Indiya, ta hallaka mutane kusan 230,000 a ƙasashe 14. Bayan shekara takwas, darakta J. A. Bayona ya fitar da The Impossible, kuma ba zan tauye masa haƙƙi ba, yadda ya nuna uwa da ɗanta ruwa yana wujijjiga su tsakanin itatuwa da tarkacen motoci abu ne da ke tsayar da numfashi. Sai dai iyalin da abin ya faru da su a ƙasar Tailan 'yan Sifaniya ne, aka mayar da su masu magana da Turanci, mutanen Tailan kuwa, waɗanda ƙasarsu ce ruwan ya cinye, ba mu gan su ba sai a matsayin masu ɗaukar majinyata da ma'aikatan asibiti. Su ma sun binne 'ya'yansu a wannan mako, amma labarin bai tsaya a kansu ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin guiwa shi ne wannan darakta da kansa ya sauya hanya a 2023, da fim ɗinsa Society of the Snow, kan jirgin Yurugwai da ya faɗi a tsaunukan Andes a 1972 ɗauke da mutum 45, inda 16 suka rayu bayan kwana 72 a cikin dusar ƙanƙara. An yi shi da harshen Sifaniyanci, da matasan 'yan wasa daga Yurugwai da Ajantina. Duk wanda ya rasu, sai a rubuta sunansa da shekarunsa a jikin allo, kuma muryar da ke ba da labarin ta ɗaya daga cikin waɗanda ba su dawo gida ba ce. Mai kallo yana jin nauyin kowace mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma hakan bai rage wa fim ɗin armashi ko kaɗan ba.

Haka nan fim ɗin Indiya mai suna 2018, wanda Jude Anthany Joseph ya ba da umarni, kan ambaliyar jihar Kerala da ta kashe mutum fiye da 400. A nan masunta ne suka loda kwale-kwalensu a manyan motoci suka shiga garuruwan da ruwa ya shanye suna kwaso tsofaffi da yara, kamar yadda ya faru a zahiri. Duk wanda ya bibiyi labarin wani bala'i ya san cewa maƙwabta ne ke fara tono da hannu kafin motocin agaji su iso, don haka wannan ya fi kusa da gaskiya fiye da labarin jarumi guda mai ƙwanji. Contagion na 2011, fim kan annoba, shi ma ya rayu saboda gaskiyarsa: ya nuna bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mara lafiya, da mai tallar maganin bogi a intanet, da rabon rigakafi ta hanyar ƙuri'a, shi ya sa mutane suka koma kallonsa a 2020, lokacin annobar korona.

Na san za a ce nishaɗi ake nema a sinima, kuma ban ƙi ba. Titanic ya nishaɗantar da duniya a 1997, ya lashe kyautar Oscar 11, duk da haka ya tsaya ya nuna fasinjojin aji na uku da mawaƙan da suka ci gaba da kiɗa jirgi yana nutsewa da mutum fiye da 1,500.

Roƙona, ya Edita, shi ne idan sabon fim irin wannan ya fito, mai sharhinku ya gaya mana ko labarin ya faru da gaske da abin da aka sauya a ciki, ya tuntuɓi masani kan abin da zai iya faruwa da wanda ƙirƙira ce zalla, ya kuma faɗakar da waɗanda suka taɓa tsira daga ambaliya ko gobara idan akwai wuraren da za su fama musu miki. A kuma riƙa leƙa finafinan Indiya, Koriya, Norwe da Kudancin Amurka, kada shafin ya tsaya kan abin da Hollywood ta fi kashe wa kuɗin talla.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku.