Masu sayar da kifin koi, ku riƙa yi wa mutane bayani

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in roƙi masu sayar da kifin ado su riƙa faɗa wa mai saye yadda ake kiwon koi kafin su karɓi kuɗinsa, don ana ta zuba shi a tankin siminti kamar tarwada.

Tarwada tana leƙowa ta shaƙi iska, shi kuwa koi da iskar cikin ruwa yake rayuwa. A Niigata ta Japan aka fara kiwonsa, ya fi son ruwa mai digiri 15 zuwa 25. A zafin Afrilu nan Kano ruwa kan ɗumama, iskarsa ta ragu. In aka ɗauke wuta da dare injin hura iska ya tsaya, da asuba sai ka tarar da su a sama suna haki. Wallahi abin yana ci mini rai, kifin da kan haura shekara 20!

Nawa tankin zurfinsa mita 1, na yi masa rumfar zana, injin kuma yana kan sola. Duk mako ina canza kashi 10 cikin 100 na ruwan, amma sai ruwan famfo ya kwana a duro, kulorin, sinadarin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta, ya fita. Abinci kaɗan nake ba su, wanda ya saura in tsame, don shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan.

Naka,
Mai kiwon kifi, Kano