A ba yaranmu littafin da za su riƙa rubuta abin da suka karanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a nan Zariya, kuma abin da ya sa na rubuto shi ne maganar nan da ake ta yi a rediyo da jaridu wai yaran yanzu ba sa karatu. Ni dai ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Suna karantawa wallahi, musamman 'yan mata, ka duba wayar yayarsu ko ta mamansu ka ga nobel nawa ake turawa a guruf ɗin WhatsApp da Wattpad, yarinya sai ta kwana a kan labari ɗaya har cajin waya ya ƙare. Inda gizo ke saƙar shi ne, da an rufe littafin shi ke nan, ba wanda ya tambaye ta me ta gani a ciki, ita ma ba ta tambayi kanta ba, sai ta faɗa na gaba.

Shi ya sa nake roƙon malamai da iyaye mu gwada wani abu mai sauƙi. Kowane yaro ya samu littafin rubutu guda ɗaya, ko ɗan ƙaramin nan mai ganye 40 ya isa, wanda ba na nota ba ne ba na asamen ba ne. Duk ranar da ya karanta wani abu na ganin damarsa, ba wanda silabas ya ɗora masa ba, sai ya sa kwanan wata da sunan littafin da shafin da ya tsaya, sannan ya rubuta abin da ke ransa. Layi biyar ma ya yi. Wa ya ba shi haushi a labarin, ina ne bai gane ba, da shi ne a wurin me zai yi, akwai wani a unguwarsu mai irin wannan halin?

Ina yin haka da 'yan aji biyu, minti goma na ƙarshen darasin ranar Alhamis. Farkon farawa duk abin da suke rubutawa iri ɗaya ne, "labarin ya yi daɗi, ya koya mana haƙuri", kowa haƙuri, ko labarin ɓarawo ne haƙuri. Sun saba duk abin da malami ya tambaya akwai amsa guda da yake so, to ita suke laluba. Sai da zango ya kusa rabi kafin suka fara sakin jiki. Akwai wata yarinya da ko magana ba ta yi a aji, kullum tana can bencin baya ta rufe rabin fuska da hijabi, ta ari Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a wurina. Da na buɗe littafinta sai na tarar ta cika shafi biyu, ba a kan Shaihu Umar ɗin ba ma, a kan mahaifiyarsa da ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta. Rubutun duk a karkace, babu aya babu waƙafi, amma a ƙasa ta sa tambaya, wai me ya sa aka sa wa littafin sunan ɗan alhali uwar ce ta fi shan wuya. Malam Edita, na shekara da shekaru ina koyar da littafin nan ban taɓa jin wani ɗalibi ya yi wannan tambayar da baki ba.

Abin da nake so malamai 'yan uwana su kiyaye, don Allah kar a sa jan biro a littafin rubutun nan na yara. Da zarar ka fara zagaye kuskuren ƙa'idar rubutu kana sa 4/10 to ka kashe shi, yaro zai koma rubuta abin da zai ba shi maki. Na ga haka da idona a makarantar kuɗi da ɗan ƙanwata yake, an ce su riƙa irin wannan rubutun amma aka mai da shi cikin makin si'e, wato makin ayyukan cikin zango, kuma dole da Turanci, dole shafi guda cur. Me ya faru? Daren Lahadi sai ya karɓi wayar babansa ya nemo taƙaitaccen labarin a intanet ya kwafe tsaf, littafin kuwa ko buɗe shi bai yi ba, malama ta ba shi maki mai kyau kowa ya yi murna. Irin abin da manyansu ke yi ke nan da nobel ɗin da JAMB ke sawa a karanta, a sayi taƙaitaccen labarin da fas kwescin a haddace. Ni abin da nake yi, in karanta in rubuta layi ɗaya a ƙasa da fensir, kamar "ni ma wurin nan ya dame ni" ko "to da kai ne sarkin fa?". Kuma duk shafin da yaro ya ninke, alama ce ba ya so in gani, ba na buɗewa. Wannan alkawari ne tsakanina da su.

A bar su kuma su yi da harshen da tunaninsu ke fita da shi. Mai son Hausa ya yi da Hausa ko da littafin Turanci ya karanta, wanda hannunsa ya fi faɗawa a ajami ya yi da ajami. Ai abin ba baƙo ba ne a wurinmu, duk wanda ya yi karatun zaure ya san yadda Ahalari ko Iziyya ko Risala ta ɗalibin kirki take, gefen shafi cike da ƙananan rubutu, abin da malam ya faɗa da abin da shi ya fahimta. A boko ne muka wayi gari yaro ba ya rubuta komai sai abin da aka sa a allo.

Na san za a ce ina littattafan? Gaskiya ne, yawancin makarantunmu laburare sai dai suna, wani wurin ma an mai da ɗakin sito. Kuma abin na min ciwo a ce a Zariya ne, garin da gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma yaro ya gama aji uku bai taɓa riƙe littafin labari nasa na kansa ba. Mu dai kwali muka samu a ajinmu, kowa ya kawo abin da ke gidansu, tsofaffin littattafai da mujallu har da jaridarku ta makon jiya, monita ke rubuta sunan wanda ya ara. Wasu sun yage wasu sun ɓata, amma ana karantawa. Da hukumar ilimin matakin farko ta jiha (SUBEB) da ƙungiyoyin iyaye da malamai za su sa hannu, ko littafi 30 a kowane aji, da an ga canji.

Roƙona gare ka shi ne ku ware ɗan fili a jaridar nan, ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata, malamai su riƙa turo abin da ɗalibai suka rubuta a kan karatunsu, da yardar yaran da iyayensu, a buga shi yadda yake ba tare da an gyara musu ra'ayi ba. In kun amince, ni zan fara turo na ajina kafin hutun ƙarshen zango.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naka,
Wani malamin Hausa, daga Zariya